Waƙar da Malachy Ya Ce a Yi Masa

Kwana biyu kafin mijina Malachy ya rasu, ya sa na jawo kujera kusa da gadonsa na asibiti, ya ce, "Assibi, ranar da za ku kai ni, ku yi mini waƙar nan."

Ban tambaye shi wace waƙa ba. Shekara ashirin muna garin Greensboro a Amurka, waƙa ɗaya ce a gidanmu ake ce wa "waƙar nan". Abin da na tambaya shi ne, "Ta wa? Goma sha ɗaya gare ka a mota."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Taki, ta zumunta. In da hali, ku ƙara da ta Ozella."

Na ce to, na yi alkawari. Na amsa da sauri ne don ya yi shiru ya huta. A lokacin ko kaɗan ban tuna ba cewa Baba Elnathan, dattijon ikilisiyarmu, ya hana yin waƙar a coci shekara huɗu da suka wuce.

Farkon abin a kanti ne. Watanmu uku da zuwa ƙasar nan muka je wani babban kanti a titin Wendover sayen bargo. Ina tura keken kaya sai lasifikar sama ta saki wani sauti da na sani tun ina goye. Na tsaya cak. Waƙar zumuntar matan cocinmu ce ta Kagoro, wadda mahaifiyata take ja tana kaɗa tulu a kan cinyarta: rabonka yana ajiye a gidan Uba, zo gida, ba zai huce ba. Sai dai a nan wata mata ce take yi da Turanci, da piyano. Na damƙi hannun Malachy na ce, "Ka ji! Waƙarmu ta iso nan, har sun juya ta. Ashe mutanen nan suna tsoron Allah, a kanti ma waƙar coci suke sawa." Na shiga bi da Hausa, da ƙarfi, a tsakanin barguna da tawul.

Malachy ya riƙe ciki don dariya. "Wace zumunta? Wannan ta 'yan kiɗan otal ɗin tashar jirgi ce a Kafanchan. Mun yi rawarta muna samari har takalmi ya tsage. A wurinsu Amurkawa suka ɗauka."

Muka yi ta musu har gaban mai karɓar kuɗi, wata dattijuwa baƙar fata mai tabarau a rataye a wuya. Malachy ya tambaye ta. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce wannan ai Ozella Pettiford ce, 'yar nan yankin, tun tana 'yar firamare ake sa waƙar a rediyo.

Dukanmu biyu muka faɗi. Ni na ji haushi, shi kuwa daɗi ya ji, don ya sami abin bi. Daga ranar Malachy ya shiga neman tarihin waƙar nan kamar mai neman dangin da ya ɓata.

Aikinsa tuƙi ne. Yana kai masu ciwon ƙoda asibiti a wanke musu jini, ya jira su, ya mayar da su gida. A zaman jiran nan ya yi bincikensa. Ya shiga shagunan tsofaffin fayafai, ya tambayi tsofaffin da yake ɗauka, ya sa 'yarmu Hephzibah ta koya masa nema a waya. A ƙarshe ya tara guda goma sha ɗaya a faifai ɗaya, ya rubuta lambobinsu da alƙalami a baya. Duk wanda ya shiga motarsa sai ya sha darasi.

Ta ɗaya ita ce ta Ozella, ta 1961. Ya ce a wani ƙaramin ɗaki aka ɗauke ta, sau ɗaya tak, ba a maimaita ba. In ka kasa kunne a baiti na biyu za ka ji kujerar mai piyano ta yi ƙara, kuma kullum sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Ga ta nan, kin ji?" Maganar waƙar ba ta da yawa. Mace ce mijinta ya hau jirgin ƙasa ya tafi arewa neman aiki, ita kuma kowace yamma tana rufe masa abincinsa ta ajiye a bayan murhu. Tana ce masa duk ranar da ya dawo zai same shi da ɗumi. Ozella ba ta ihu. Tana yi ne kamar mai hira da maƙwabciya ta kan katanga, sai a ƙarshe muryar ta tashi sau ɗaya, ta tsaya a sama, ta sauko a hankali. Ko da nake jin haushin ta ƙwace mana waƙa, wurin nan tsigar jikina takan tashi.

Ta biyu wasu samari ne 'yan Ingila da jita, suna gudu da ita kamar kare ya biyo su. Malachy ya ce, "Waɗannan ba su taɓa jiran kowa ba a rayuwarsu." Amma bai cire su ba, don ya ce su suka kai waƙar rediyon da ake ji a Najeriya. Akwai ta wani namiji mai kaurin murya wanda ya juya ta, ya zama shi ne matafiyin, yana tambaya ko har yanzu abincin yana rufe. Minti bakwai ce, biyu na farko surutu kawai yake yi. Ita Malachy yake sawa in ana ruwa. Akwai ta 'yan Jamaika. Akwai ta wata Baturiya 'yar ƙauye da gogen Turawa, wadda ya ce a ba ta haƙƙinta, kukanta na gaske ne. Ta 'yan Kafanchan a kaset wani abokinsa ya aiko masa daga Jos. Rabin Turancin ba Turanci ba ne, da kunne suka kwasa a rediyo, amma gangar ba ta barin mutum ya zauna. Wani yaron zamani kuma piyanon kawai ya yanka ya ɗora surutunsa a kai. Malachy ya yi mako yana fushi da shi, daga baya ya sa shi a lamba ta goma.

Ta goma sha ɗaya mu ne, matan zumuntar cocinmu na nan, ranar bikin godiyar kaka. Ya ɗauke mu da waya ban sani ba. Muryata ce a gaba, tulun mahaifiyata a cinyata, wanda na taho da shi a jirgi a naɗe cikin zannuwa uku.

Bakin Malachy ne ya jawo hanin. A ranar godiyar nan, da aka tashi, farin ciki ya ɗebe shi, ya ja Baba Elnathan zuwa motarsa ya kunna masa ta Ozella da ta Kafanchan, yana ba shi tarihi. Shi a ganinsa abin alfahari ne. Lahadin da ta biyo baya Baba ya tsaya a gaba ya ce an gano waƙar nan ta duniya ce, daga gidajen giya ta fito, ba za a ƙara yin ta a gidan Allah ba. Mata suka juyo suna kallona. Na yi wata guda ban shiga motar Malachy ba.

Ya rasu ranar Litinin da hantsi. Aka sa jana'iza Asabar. Fastonmu yana Najeriya a lokacin, don haka tsarin sujadar duka yana hannun Baba Elnathan. Talata da yamma ya zo gaisuwa da takarda a hannu, ya zauna a kujerar Malachy, ya karanto mini waƙoƙin da ya zaɓa. Na faɗa masa wasiyyar.

Ya cire tabarau. "Maman Hephzibah, kin san maganar nan."

"Na sani, Baba. Amma mamaci ne ya roƙa."

"Mamaci yana gaban Ubangiji yanzu. Kina so mu raka shi da kiɗan mashaya?"

"Uwata ta shekara talatin tana yin ta a coci. Ita ma mashayiya ce?"

"Uwarki ba ta sani ba. Mu mun sani. Kuma wa ya sanar da mu?" Ya nuna hoton Malachy a bango. "Ga shi nan. Ni ban je neman komai ba, ni aka ja zuwa mota."

Ba mugun mutum ba ne. Shi ya fara isa asibiti ranar da abin ya faru, shi ya yi ta yawon takardun gawa da ƙafarsa mai ciwo. Amma ya naɗe takardarsa ya tafi, waƙar ba ta ciki.

Laraba na wuni ina karɓar masu gaisuwa, zuciyata tana kan alkawarin. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Malachy ya sha ba ni labarin waƙar nan, ni kuma na daɗe da daina saurare. In ya fara, sai in ce "uhm" ina yankan albasa. Yanzu ina ta tono a kaina, guntu-guntu nake samu. Sai da nake wanke kofunan baƙi wani guntu ya faɗo mini. Wata rana ya dawo aiki yana rawar jiki, ya ce wata tsohuwa da yake kaiwa wankin jini ta san Ozella ido da ido, kuma ta gaya masa wani abu da zai rufe bakin Baba. Ni kuma na ce masa ya rabu da Baba, ya wanke hannu ya ci abinci. Bai ƙara tayar da maganar ba.

Na sa Hephzibah ta buɗe wayarsa. Ga shi nan ya rubuta: Mama Vernell, McLeansville.

Alhamis da safe muka tafi McLeansville, wani ƙauye a bayan gari. Hephzibah ce ke tuƙi, ni ban iya manyan hanyoyin nan ba. Ta ce mini da Turanci, don ita da shi take amsawa ko da Hausa aka yi mata, wai in ba a yarda ba za ta kunna waƙar a wayarta a bakin kabari, wa zai hana ta? Na ce ubanta bai ce a sata masa waƙa ba, cewa ya yi a yi masa.

Gidan yana ƙarshen wata hanyar tsakuwa, gona a hagu, gona a dama. Mama Vernell ta fito da sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu, 'yar ƙaramar tsohuwa, shekara tamanin da huɗu. Ba ta ji rasuwar ba, an dai ce mata an canza direba. Da Hephzibah ta faɗa mata, ta zauna a kan matakala ta rufe fuska da hannu. Ni da na zo neman taimako na koma ina lallashinta.

Da ta natsu muka shiga ciki. Turancinta yana ja, ban kama duka ba, Hephzibah tana juya mini. Mama Vernell ta ce Ozella ta girme ta da shekara uku, coci ɗaya suka tashi, wani na katako da ke bayan gonakin taba, yanzu babu shi. Sautin nan ba Ozella ta ƙirƙira ba. Kakanninsu ne suke yin sa ranar cin jibin Ubangiji, ba piyano, ba komai, dattijo ya ja layi jama'a su amsa, ƙafa tana dukan daɓen katako. Maganarsa ita ce Yesu ya ajiye mini rabona, ba mai cinye mini. Ozella tana wanke-wanke a wani gidan Turawa a unguwar Irving Park lokacin da mijinta ya tafi arewa. Sai ta ɗora nata zancen a kan sautin da ta iya.

Na ce, "Tambaye ta, mijin ya dawo?"

Mama Vernell ta girgiza kai. Bai dawo ba. Kuma da faifan waƙar ya fita, dattawan cocin suka kira Ozella gaban jama'a suka ce ta kai waƙar Allah gidan rawa, suka cire ta daga mawaƙa. Sautin ma suka daina yin sa gaba ɗaya, wai ya ƙazantu. Duniya ta yi ta juya waƙar, Ozella ta koma aikin kicin a wata makaranta. Ranar da aka binne ta, Mama Vernell ta roƙa a yi mata ko da ta cocin ce, aka ƙi.

Ta ce ranar da Malachy ya kunna mata lamba ta goma sha ɗaya a mota, ta sa shi ya tsaya a gefen hanya. Ta ji mata suna yin sautin kakarta da wani harshe, da tafi, a coci, kuma da ya fassara mata ta ga maganar ta koma kusan inda ta fito. Ta dube ni ta ce, "Ashe ke ce mai tulun."

Na roƙe ta ta zo cocinmu gobe, lokacin da mata za su gwada waƙoƙin jana'iza. Ta ce Juma'a ranar wankin jininta ce, takan fito a gajiye, amma a zo a ɗauke ta daga can.

Cocinmu wani tsohon shago ne da muke haya, kusa da mai gyaran taya. Ƙarfe huɗu na yamma mata sun taru, Baba Elnathan yana zaune a gaba da takardarsa. Muka shigo da Mama Vernell a tsakiyarmu, da auduga manne a hannunta. Baba ya tashi ya ba ta kujerarsa, don ta girme shi. Na ce, "Baba, na kawo maka wadda ta san waƙar kafin a haife mu."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Maman Hephzibah, har lauya kika ɗauko?"

"Shaida ce, Baba."

Mama Vernell ba ta yi dogon bayani ba. Ta ba shi labarin a taƙaice, sannan ta fara buga sandarta a ƙasa, a hankali, ta ja layin farko. Muryar ta tsufa, tana rawa, numfashinta ba ya kai ƙarshen layi. Amma sautin ne, namu, sai dai ya fi namu nauyi da jan ƙafa. Ta ja na biyu. Anti Confidence, shugabar zumunta, ba ta san lokacin da ta amsa da Hausa ba, sauran mata suka bi ta. Ni tulun yana cikin jaka a gefena, ban taɓa shi ba, don ba a ba ni izini ba tukuna.

Da suka gama, Baba ya cire tabarau. Sai ya ce da Hausa, ba da ƙarfi ba, "Ni ma na yi rawar nan a Kafanchan. Kafin in tuba. A otal ɗin nan albashina yake ƙarewa, matata tana gida da yara ba abinci. In na ji sautin nan, warin wurin nake ji. Shi ya sa."

Hephzibah ta sunkuya ta fassara wa Mama Vernell. Tsohuwar ta ce a gaya masa ta gane, amma shi a mashaya ya same ta, ita a teburin Ubangiji ta same ta, kuma ta riga shi.

Baba ya yi murmushin da bai shirya yi ba. Ya ɗauki biro ya rubuta a takardar. Ya ce, "A cikin coci, ta Mama da ta zumunta. Ta Ozella kuwa, ban ce a yi ba." Ya rufe biron. "Makabarta dai ba ni na gina ta ba."

Ranar Asabar aka yi kamar yadda ya rubuta. Mama Vernell ta ja baiti ɗaya ita kaɗai daga kujerarta, sannan na ɗora tulun a cinyata muka ɗauka. Na yi tsammanin muryata za ta ƙi fita. Ta fita. Har 'yan Nijar abokan aikin Malachy, da suka tsaya a baya kusa da ƙofa, na hango suna kaɗa kai.

A makabarta, bayan addu'ar ƙarshe, Hephzibah ta matso da motar ubanta bakin ciyawa, ta buɗe ƙofofin duka huɗu, ta sa lamba ta ɗaya. Piyanon ya fara. Mutane suka tsaya inda suke. A baiti na biyu kujerar ta yi ƙararta, sai na ga hannuna ya ɗaga yatsa shi kaɗai. Mama Vernell tana bi da leɓe, ido a rufe, na san ba Malachy kaɗai take binnewa ba. Baba Elnathan ya koma can gefe ƙarƙashin wata bishiya ya juya mana baya, amma bai shiga motarsa ba sai da Ozella ta hau saman nan nata ta sauko.

Motar tana wurina yanzu, faifan yana ciki. Na koyi hanyar McLeansville, ta ƙananan tituna. Ranar Lahadi bayan sujada nakan kai wa Mama Vernell tuwo da miyar kuka a kwano mai murfi. Ta ce yaji ya yi mata yawa, amma ba ta ragewa. In na tashi dawowa nakan sa faifan tun daga lamba ta ɗaya, in saurara da kyau, har da 'yan Ingilan nan masu gudu.